Risibar Baba da Injin Masallaci

Shekarar da Inna ta tafi Makka ta bar Baba a kwance, ni na zama mai gyaran risiba a gidanmu, ba don na iya ba.

Kujera biyu suka biya, tasa da tata. Baba ya daɗe yana dillancin shanu a Inugu, tun kafin a haife ni, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: ba zai taka ƙasa mai tsarki ba sai tare da matar da ta baro danginta a Kano ta biyo shi kudu. Tafiya ta matso, har an ɗinka jaka, sai wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Aka yi asibiti, aka yi na gida, ƙafa dai ta ƙi ɗaukarsa.

Inna ta ce ita kam ta fasa. Baba ya daki katifa da hannun hagu, ya yi ta kokawa da maganar har ta fito.

"Je ki. Zan gan ki a talabijin."

Muka yi dariya, dariyar da ake yi don kada a yi kuka. Shi bai yi ba, da gaske yake. Haka Inna ta bi ƙaninta, kawunmu, suka tashi, ni kuma na kwaso kayana na dawo gida jinya, tunda maigidana direba ne kuma lokacin yana Arewa wajen lodin raguna.

Gidanmu a unguwar Asata tsohon bene ne. Baba yana sama, matakalar kuwa ƙunci gare ta, ko lafiyayye sai ya karkace. A ƙasa akwai shagon da aka mayar masallaci, nan mahauta da 'yan tireda na layinmu suke salla. A kan rufi dish ɗinmu yake, irin wanda ba a biyan kuɗin wata, da wata tsohuwar risiba da Baba ya saya tun ina makaranta. A cikin tashoshinta akwai wadda ba ta nuna komai sai Harami, dare da rana. Tun da Inna ta tafi ita kaɗai yake kallo. Ya koyi danna rimot da babban yatsan hagu, ya sa na matso masa da talabijin har bakin gado. Abin da yake jira shi ne ranar Arfa. Ya ce a wurin ɗawafi mutane juyawa suke yi, ba a gane kowa, amma a Arfa tsayawa ake yi wuri ɗaya.

To, ana cikin haka, watan Salla ya kama, sai tashar ta ɗauke. Murya tana fita, allo kuwa baƙi ƙirin. Na cire waya na mayar, na hura, na bubbuga akwatin, shiru. Na nemi mai gyaran dish na unguwarmu, ashe shi ma ya ajiye sukundireba ya koma sayar da raguna, kamar kowane namiji a layin nan idan Salla ta matso. A waya na same shi, raguna suna ta kuka a bayansa.

Ya ce, "Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Tashar ce ta canza tsari. Tsofaffin risiba ba sa ganinta sai an yi musu afgired."

Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce wato a zuba wa risibar sabuwar manhaja. A samo fayil ɗin da ya dace da lambarta a intanet, a sa a filash, a soka mata a baya, ita za ta ja abinta. Wani layi zai fito a allo yana cika kaɗan-kaɗan. "Amma ki ji ni da kyau. Idan wuta ta ɗauke kafin layin nan ya cika, ta mutu ke nan." Na ce ya zo ya yi mana. Ya ce sai bayan Salla. Bayan Salla! Na ce masa bayan Salla ya zo ya gyara wa ragunansa, na kashe wayata.

Yayana da ke Fatakwal ya ce me zai hana a nuna wa Baba a waya. Na gwada. Hoto ya tsaya cik, wani ɗan zobe yana ta juyawa, ga shi idon Baba ba ya ganin abu ƙarami haka. Sabuwar risiba kuwa ba ta taso ba, hajji da asibiti sun share gidan tas. Na duba na ga babu kowa sai ni. Na taɓa aikin buga takardu a kwamfuta kafin na yi aure, na ce abin da namiji ya yi da hannu biyu, ni ma biyun gare ni.

Akwai wani kafe na intanet wajen kasuwar Ogbete, na wata mata 'yar Ibo, mai ƙaton dish a kan rufi. Ita intanet ɗinta daga tauraron ɗan'adam yake saukowa kai tsaye, shi ya sa ake cewa ya fi na kowa. Gaskiya ne, idan sama tana garau. To wa ya ga sama garau a Inugu da damina? Na sami fayil ɗin, na duba lambar risiba na sake dubawa, na danna. Ya fara saukowa, ina murna. Can sai na ji iska ta kaɗa labule, ɗakin ya yi duhu. Kafin ɗigon farko ya taɓa kwano komai ya tsaya.

Matar ta ɗaga kafaɗa. "Nne, rain don carry am." Wai ruwa ya tafi da shi.

Na zauna har aka ɗauke, na danna, sai ya koma tun daga farko. Wallahi na ji kamar na ɗaga kwamfutar na maka ta da ƙasa. Washegari haka, hadari ya sake cinye mini shi ana dab da gamawa. Ga Baba a gida, ina barinsa da maƙwabciya, ina dawowa ya bi hannuna da kallo ko na riƙo wani abu. Ban taɓa jin haushin ruwan sama ba sai a wannan makon, Allah ya yafe mini.

Daga nan na koyi karatun sama. Na lura hadarin daga bayan tsaunuka yake tasowa, kuma ya fi son rana ta take. Sai na yi sammako, na riga mai shagon zuwa, tana buɗe ƙofa ina shiga. Na roƙe ta da yarenta, wanda a bakina ya tashi tare da Hausa, kada ta bari kowa ya hau wata kwamfutar ya raba mana ƙarfi. Ta ce ni da matsala nake. Na ce mata mahaifina ne. Ta dube ni, ta je ta juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ta tsaya a bayana muna kallon layi tare. Da ya cika ita ta fara yin ihu.

Na taho a keke-napep da filash a ƙulle cikin bakin zane, na hau sama ina haki. Ba wuta, kamar kullum. Wannan bai dame ni ba, don muna da inji.

Injin nan yana da tarihi. Ƙarami ne, Baba ya saya ya ba masallaci sadaka, aka ja waya ɗaya zuwa gidanmu. Ba ya iya ɗaukar gida da lasifika da fankokin masallaci a lokaci guda, saboda haka aka kafa makunni a bangon zaure. A ɗaga sama, wuta ta hau gida. A sauke ƙasa, ta koma masallaci. Duk lokacin salla ladan yana shigowa zai sauke shi, ya yi kira, a yi salla, yana fita ya ɗaga. Da haka muka tashi. Ko ana tsakiyar labarai ne talabijin ya mutu, ba mai cewa uffan, buta kawai ake nema.

Ladan ɗin tsoho ne, abokin Baba tun zuwansu kudu, tsohon mahauci mai 'yan yatsu duk tabon wuƙa. Na same shi a zaure na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mai jiki, na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce Baba Ladan, yau ɗaya, don Allah kada a taɓa makunnin nan sai na leƙo na ce an gama. Ya ce, "Ba komai 'yata, Allah ya ba da sa'a." Har da ɗaga hannu ya yi mini addu'a.

Na soka filash, na bi abin da mai gyara ya faɗa. Layi ya fito. Baba ya ɗago kai daga matashi yana kallo, ni ina tsaye na harɗe hannu a ƙirji. Abin yana tafiya kamar jinjiri mai koyon rarrafe. Ya kai rabi. Ya wuce rabi.

Ɗif!

Allo ya mutu, fanka ta fara rage gudu. Kafin na gane abin da ya faru sai na ji lasifika ta yi ƙara, muryar ladan ta tashi da kiran azahar.

Ban san yadda na sauko matakalar nan ba. Na iske shi ya ba ni baya, yatsa a kunne, yana kira hankali kwance. To ya zan yi? Ba a katse kiran salla. Na tsaya a bakin ƙofa, yana faɗa ina amsawa, don amsawa dole ce, haƙorana kuwa a cije. Ban taɓa jin kiran salla mai tsawon wannan ba. Yana sauke hannu ya juyo ya gan ni, ya dubi makunnin, ya sake dubana. Na ga fuskarsa ta zube.

"Innalillahi. 'Yata, wallahi ban sani ba. Hannuna ne ya yi."

Na san gaskiya ya faɗa. Hannun da ya shekara da shekaru yana sauke abu ɗaya ba ya neman izini. Amma a lokacin ban ji wannan ba. Na ce, "Haba Baba Ladan! Haba! Ban durƙusa na roƙe ka ba?" Murya ta ɗaga har masu alwala suka tsaya da buta a hannu. Wani mahauci ya ce wai ni mace me ya kai ni taɓa kayan wuta tun farko. Na juya kansa, na ce tunda shi namiji ne ya hau ya gyara, ga matakala nan. Ya koma kan alwalarsa.

Bayan salla aka ɗaga makunni. Risiba ta kawo ɗan jan haske a goshi, shi ke nan. Ba hoto, ba murya, ko sunanta ba ta nunawa. A da muna da murya, yanzu ita ma na kashe ta. Baba ya daɗe yana kallon jan hasken, sannan ya ce, "Bar shi." Ya juya fuska bango. Na kawo kunu ya ƙi, na kawo magani ya karɓa don dole. Wannan "bar shi" ta fi mini zafi a kan a ce zagina ya yi, domin ban taɓa jin Baba ya saki abu haka ba, ko ranar da ya faɗi.

Na sake kiran mai raguna. Ya yi salati, ya ce yanzu kam filash ba zai yi ba, sai an haɗa ta da kwamfuta ta wata kafa da ke bayanta, da wata waya ta musamman, kuma shi bai san mai yi a Inugu ba. Sai dai Anaca, kasuwar kayan wuta. Jibi Arfa.

Da gari ya waye na naɗe risiba a zani, na sa a leda, na sake sawa a wata ledar. Na ce wa Baba zan je Anaca. Bai juyo ba. Na ce masa ba shawara na zo ba, sallama na zo yi.

Wanda bai ga Upper Iweka, babbar tashar motocin Anaca, ana jibi Salla ba bai san cunkoso ba. Tireloli cike da raguna sun toshe hanya, motocin Arewa suna lodi, 'yan kamasho suna jan jakar mutum kamar tasu ce, ga taɓo har idon sawu. Motarmu ta tsaya ta ƙi motsi. Na sauka na rungume ledata a ƙirji, na ratsa tsakanin motoci, na tari okada, wato acaɓa. Ban saba hawa ba, amma ranar na hau na ce ya taka.

A kasuwa na yi ta nuna akwatin, wannan ya tura ni wajen wancan. Mai shago ɗaya ya ce na jefar na sayi sabuwa, har ya fara sauko da kwali. Daga ƙarshe aka kai ni wani lungu a saman bene, wajen wani mutum mai furfura da tabarau, risibobi jibge a bayansa har rufi. Ya juya tawa, ya ce wa ya kashe ta. Na ce labarin da tsawo. Ya ce zai gwada, amma sai ya sauko da wani ɗan fayil da zai sa kwamfutarsa ta yi magana da ita. Na ce to bismilla. Ya danna. Intanet ɗinsa ya yi tafiya kaɗan ya tsaya. Na yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba, na ce wannan ciwon na san shi. Na jawo benci na zauna. Ya ce na je na dawo bayan Salla. Na ce masa ni da bencin nan mun zama ɗaya.

Muka yi ta fama, intanet ya zo, ya ɗauke, ya zo. Ya fita da wayarsa baranda yana ɗaga ta sama kamar mai shanya. Da fayil ɗin ya sauka ya jawo wayar zai haɗa, na riƙe hannunsa, na tambaye shi wutar nan daga ina take. Ya ce ta kasuwa ce. Na ce a'a, ba da ni ba. Na ga batir ɗin mota a ƙarƙashin teburinsa da na'urar da ke juya shi wutar gida, na ce da wannan za a yi. Ya ce ni na zo koya masa aiki ne? Na ce ko kusa, amma sau ɗaya aka yi mini, ba za a yi na biyu ba. Ya yi tsaki, ya haɗa. Ni kuma na tsaya a gaban soket na baje mayafi, ko almajirin shagonsa ban bari ya gifta ba.

Layi ya fara cika. Muna cikin haka wutar kasuwa ta ɗauke, duk benen ya yi ihu. Namu layin bai ko girgiza ba. Mutumin ya sauke tabarau ya dube ni. Jim kaɗan jan hasken nan ya koma kore.

Na iso Inugu da yamma cikin ruwa, jiƙe sharkaf, risiba kuwa a bushe. Ban kunna ta ba, don da irin wannan ruwan ko lafiyarta ƙalau dish ba zai kama komai ba. Na ajiye ta a inda Baba zai gani.

Ranar Arfa na tashi da azumi da ciwon kai. Layinmu ya yi tsit, maza duk suna kara wajen raguna. Sama ta yi nauyi, ana yayyafi. Na goge wa Baba jiki, ya nuna mini farar rigarsa da ke rataye, na sa masa, na ɗora masa hula. Ina haɗa wayoyi sai na ji sallama a matakala, ana hawowa a hankali ana hutawa. Ladan ne. Tun ranar ban gaishe shi da kyau ba, shi ma yana ganina yake sunkuyar da kai.

Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun abokinsa. Sannan ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, ya yi magana da liman. Yau inji na gida ne har faɗuwar rana. Ya ɗaure makunnin da tsumma a sama, don ko hannunsa ya je ya tarar da ƙulli.

Na ce, "To kiran salla fa, Baba Ladan?"

Ya ce, "Da can da me muke yi?"

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na ce ya yafe mini ɗaga muryar da na yi. Ya ce na tashi na yi aikina, rana tana tafiya, su can sun riga mu shiga azahar.

Na kunna. Sunan risiba ya fito, na ce alhamdulillahi. Na sa ta neman tashoshi, ta yi ta lalube, ƙarfin sigina yana hawa yana sauka saboda hadari. Ta gama ba ta samo ba. Na sake sawa. Ta kawo waɗansu tashoshi na Larabawa masu tallan turare, ban da tamu. Baba ya rufe ido. Na ce wallahi ba inda za ni, na leƙa taga na ga gefen da dish yake kallo ya fara washewa, na jira, na sake sawa.

Murya ce ta fara zuwa, amon mutane masu yawa suna talbiyya. Sai hoto ya fito a farfashe, ya haɗu, ya sake farfashewa, sannan ya zauna daram. Fili fari fat da mutane, ga dutsen, ga laimomi, ga rana tana dukansu.

Ladan ya yi kabbara. Ni kuwa na zame na zauna a ƙasa.

Baba ya ɗago kai. Ya matso da fuska, yana bin allon da yatsa. Duk sanda aka nuno mata sai ya tsaya, ya ƙura ido, a wuce. Mu duka mun san ba a tsintar mutum ɗaya a cikin wannan taro, shi ma ya sani, amma ba wanda ya faɗa. Da azahar ɗinmu ta yi ladan ya sauka. Na ji shi daga bakin ƙofar masallaci yana kira da muryarsa tsura, tana rawa, tana karyewa a wurin ja. Talabijin bai ko ƙifta ba. Ya yi salla ya sake hawowa.

Can rana ta yi sanyi a wurinsu, aka nuno mutane tsaye, hannuwa a sama, wasu suna kuka. Baba ya ja mayafina.

"Ɗaga ni."

Na gyara masa matashi. Ya girgiza kai.

"Tsaye."

Na dubi ladan, ladan ya dube ni. Tun da ya faɗi bai tsaya a kan ƙafarsa ba. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa ta dama, ɓangaren da ya mutu, ladan ya kama hagu, muka yi bismilla muka ɗaga. Ashe Baba yana da nauyi haka, duk ramar nan. Ya tsaya, rabi a kaina rabi a kan tsoho ɗan'uwansa, ya zare hannun hagu ya ɗaga shi sama. Bakinsa yana motsi, ban ji abin da yake faɗa ba, hawaye yana bin gefen fuskar da ba ya ji.

Ƙafarsa mai lafiyar ta fara karkarwa. Ladan yana nishi, ni kafaɗata kamar za ta cire. Na ce, "Baba, ya isa haka, mu zauna ka huta."

Bai ɗauke ido daga allon ba.

"Innarku ta zauna ne?"

Na gyara tsayuwa, na ƙara riƙe shi.